Ɗaliban da aka hana ɗaukar fim a gida

Yau yaro da wayar salula yana iya ɗaukar unguwarsu ya watsa a Facebook kafin azahar. To a zamanin Nasara abin laifi ne, kuma doka ce a rubuce.

A 1934 Pierre Laval, ministan Faransa mai kula da ƙasashen da aka mallake, ya kafa dokar cewa ba mai ɗaukar fim a yankunansu na Afirka sai ya kai wa gwamna labarin ya duba, ya ba da izini. Nijar na ciki. Dokar ba ta faɗi ba sai lokacin samun ƴancin kai a 1960.

Ta taɓa cin wani Bafaranshe ma. René Vautier yana ɗan shekara 21, bai daɗe da fitowa daga makarantar silima ta IDHEC a Paris ba, aka turo shi Afirka ta Yamma ya nuno alherin mulkin mallaka. Da ya zo sai ya ga aikin tilas da ƙauyukan da sojoji suka auka wa, ya ɗauki abin da idonsa ya gani. Fim ɗin, Afrique 50, ya jawo masa hukuncin ɗaurin shekara guda, aka hana nuna shi wajen shekara arba'in. In farin mutum ya sha haka, ina ga baƙi?

Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo, shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya yi karatu a wannan makaranta ta IDHEC. Shi da abokansa, Mamadou Sarr da Jacques Mélo Kane da Robert Caristan, sun so su ɗauki fim a gida, ba a ba su izini ba. Sai suka lura dokar Laval ba ta aiki a cikin Faransa kanta. A 1955 suka juya kyamara kan Paris, suka yi Afrique sur Seine, minti 21, baƙi da fari. Sunan ma da zolaya a ciki: wai Afirka a bakin kogin Seine.

Fim ɗin ya buɗe da yara suna wasa a kogi a Afirka, hotunan da aka aro daga fim ɗin Vautier da aka haramta. Daga nan sai Paris: ɗalibai da ma'aikata baƙaƙe a kan titi da wuraren shan kofi, ana kewar gida, ana hulɗa da farare. Wasu na cewa ya yi sanyi, bai fito ya zagi wariyar launi ba. Haka ne, ya yi sanyi. Amma a ganina, a 1955 baƙin mutum ya tsaya bayan kyamara yana kallon Faransawa a garinsu yana bayaninsu, wannan kaɗai ya ishi masu doka ciwon kai.

Mu nan namu ya biyo ta wata hanya. Oumarou Ganda, tsohon sojan Indoshin mai dako a tashar jirgin ruwan Abidjan, ya fara ne a gaban kyamarar Jean Rouch cikin Moi, un noir a 1958. Da ya dawo Yamai ya koyi aikin, ya yi Cabascabo kan sojan da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare, abokai suka watse. A 1972 shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame.

Daga baya a Yamai aka riƙa koyon sana'ar, a makarantar IFTIC. Can Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta yi karatu, kafin a 2021 ta fitar da Zinder, kan matasan Kara-Kara, unguwar da a da ake ware kutare a ciki, wadda ƴan gari da yawa ba su taɓa taka ta ba.