Akwatin Kyauta, Mabuɗi a Hannun Wasu

 Kwanakin nan ƙorafi ya yi yawa a kan saƙonnin da ke cika mana akwatin imel da waya: tallar rance, tallar caca, tallar magunguna, da masu taya ka murnar samun aikin da ba ka taɓa nema ba. Tambayar kowa ɗaya ce, a ina suka samu adireshina? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ba mai nisa ba ne, yawancinsa a gaban idonmu ya faru.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun san zamanin gidan waya. Wasiƙa takan zo ta akwatin makarantar firamare, ko ofishin hakimi, ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda bai yi boko ba sai ya kai wa malamin makaranta ya karanta masa. To kun ga tun a lokacin sirrinmu yana bi ta hannun wani, sai dai ka san shi, ka san gidansu, in ya tona maka asiri ka san inda za ka kai ƙararsa. Sannan kowace wasiƙa sai da kan sarki. Mai son tallata hajarsa ga mutum dubu, sai ya sayi kan sarki dubu. Wannan kuɗin shi ne katangar da ta kare mu, ba mu ma sani ba.

Imel ne ya rushe katangar, domin aika saƙo ɗaya da aika miliyan kusan duk kuɗinsu ɗaya ne. A 1978 wani ɗan kasuwar kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk na kamfanin DEC, ya tura talla ga mutum kusan 400 lokaci guda a kan ARPANET, wato kakar intanet ta yau. Waɗanda suka karɓa sun fusata ƙwarai, amma ƙofa ta riga ta buɗe. A 1996 Hotmail ya fito da akwatin kyauta, Yahoo ya biyo baya a 1997. A 2004 Google ya kawo Gmail da wurin ajiya na gigabait ɗaya, lokacin da Hotmail ke ba da megabait biyu kacal. Sharaɗin kuwa a fili yake: na'urar kamfanin za ta riƙa bin kalmomin da ke cikin wasiƙunka don ta san irin tallar da za ta nuna maka. Sai a 2017 Google ya sanar da daina karanta wasiƙu don talla. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba mu biya da naira ba, da bayananmu muka biya.

Mu nan arewacin Kaduna, yadda muka shigo harkar shi ne tushen matsalarmu. Wayar salula ta zo Najeriya a 2001, amma kwamfuta ba ta shiga gidajenmu ba. Mai son imel sai ya shiga mota zuwa Zariya, ya nemi shagon intanet a Samaru ko Sabon Gari. Daga baya shagunan suka ƙaraso garuruwanmu. Da cike fom ya koma ta intanet, na JAMB, na neman aikin soja da ɗan sanda, da na N-Power da aka fara a 2016, sai imel ya zama dole ga ɗan manomin rake a Makarfi da ɗan mai tumatir a Ikara. Yaron shago ne ke buɗe akwatin, shi ke zaɓar kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar mutum ce ko shekarar haihuwarsa, wani lokacin ma lambarsa yake sawa a matsayin lambar dawo da akwati. Ba na cewa duk mugaye ne, da yawansu sun taimaki jama'a tsakani da Allah. Amma akwatin naka ne da suna kawai, mabuɗin yana wurin wani.

Ko manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. An yi wa Yahoo kutse a 2013, kuma sai a 2017 aka bayyana cewa ya shafi dukkan akwatunansa, biliyan 3. Duk wanda ke da Yahoo a wancan lokacin, daga Landan har Hunƙuyi, yana ciki. Irin waɗannan jerin sunaye ana sayar da su kamar yadda ake sayar da buhun masara, daga hannu zuwa hannu.

Doka ta zo, amma a makare. A 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla na kamfanonin waya. A Janairun 2019 hukumar NITDA, lokacin Dakta Isa Ali Pantami yana shugabanta, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan jama'a. A 2021 ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10, saboda yadda yake kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi yana tura musu saƙo a kansa. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Ƙarƙashin dokar 2023 kana da haƙƙin ka ce a daina turo maka talla, ka kuma nemi a goge bayananka.

Amma fa Abuja ba za ta zo ta kulle maka ƙofar ɗakinka ba. A matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da ya fi damuna shi ne yadda muke wasa da bayanan juna. Jerin sunayen ma'aikata da lambar asusun banki yana yawo a akwatin imel na kyauta da zaurukan WhatsApp. Takardar halartar bita da fom ɗin tallafi, kowa ya rubuta suna da lamba da imel, an tashi taro ba wanda ya san inda takardar ta kwana. Gobe sai saƙo ya zo da cikakken sunanka da sunan ma'aikatarka, ana neman BVN don a gyara maka albashi. Dattijon da ke jiran fansho, yaya za a yi ya gane ƙarya ce?

Don haka ga shawarata. In wani ne ya buɗe maka imel, yau ɗin nan ka canja kalmar sirri, ka duba lambar dawo da akwati ka tabbatar taka ce, ka kuma kunna tsarin da ke turo lamba ta waya kafin a shiga. Ka ware akwati biyu, ɗaya na banki da aiki, ɗaya na cike fom barkatai. Saƙon da ba ka san mai shi ba kada ka amsa, ko da zagi ne, domin amsar ce ke tabbatar musu akwatin yana aiki. Ka tura STOP zuwa 2442. Saƙon ɗaukar aiki da ya ce daga gwamnati yake amma adireshinsa na Gmail ne ko Yahoo, ba .gov.ng ba, ka yi hattara da shi. Mu kuma ma'aikata, takardar da ke ɗauke da sunayen mutane amana ce, mu riƙe ta kamar kuɗi.

Wanda ya karanta ya daure ya duba wa iyayensa da ƙannensa nasu. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.