Zangon Kete-Karachi da Haƙƙin Mutanen Bebeji a Cikinsa

Duk wanda ya tashi a gidan fatake a Bebeji, ya kuma zauna gaban dattawa bayan sallar lisha, ya san cewa tun kafin Nasara su shata iyaka tsakanin ƙasashe, ayarin kakanninmu yakan fita da rani ɗauke da turkuɗi da kanwa a bisa jakuna, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake sayen goron Asante. A wannan gari namu na Bebeji aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, shi ma kuwa wannan fatauci ya gada.

Sa'ad da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Asante ya karye, hanyoyin ciniki suka sauya, sai fatake suka soma gangarawa kudu zuwa bakin kogin Volta, inda kwalekwale ke hawo da gishirin Ada daga bakin teku. Riwayar gidanmu, wadda na karɓa daga mahaifina, shi kuma daga nasa mahaifin, Allah ya jiƙansu da rahama, ita ce kakanmu yana cikin waɗanda suka fara sauke kaya a wurin, kuma shi ne ya je da goro da ƙyallen baƙi gaban manyan Karachi, masu tsafin Dente, ya nemi izinin zama, suka nuna masa fili nesa kaɗan da garinsu domin kada kiran salla ya haɗu da kiɗan tsafi. Nan ya kafa bukka, ya kewaye wurin salla da zana, ya ɗaure jakunansa. Wannan fili shi ne Kete.

To, ga inda saɓani yake. Waɗansu, in sun tashi ba da tarihin zangon, sai su fara shi daga yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da jama'a suka watse suka kwararo Kete, kamar dai kufai suka tarar. Haƙiƙa ba mai musun falalar waɗannan muhajirai, balle babban malaminsu Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano, mai waƙoƙin Larabci da na ajami, wanda ya yi limanci a Kete, ya karantar da ɗalibai masu yawa, har Bajamushe Mischlich ya ɗauki ilmi a hannunsa, ya kuma rasu a can a 1934. Amma adalci shi ne a ce wanda ya zo ya sami masauki, lalle akwai mai masaukin da ya riga shi.

Jamus suka kafa bariki a Kete-Karachi a 1894, suka fita a 1914, Ingilishi suka karɓa, ƙasar ta shiga Gana a 1957. Zuriya ta auri zuriya, ciniki ya yi sanyi. Sannan aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya tashi ya haɗiye tsohon garin, da masallacinsa da maƙabartarsa, aka mayar da mutane sabon wuri a kan tudu. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar Tiga mun san abin da ake nufi in an ce ruwa ya ci kabarin uban mutum.

Da na kai ziyara, sai da muka jira jirgin fito a Dambai kafin mu haye. Na sauka gidan 'yan'uwa, na tarar da rayuwarsu duka ta rataya ga tafkin. Da asuba, kafin a sallame salla, masunta sun riga sun tura jirage, suna kauce wa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda ke yaga koma, wani lokaci su huda jirgi. Da hantsi mata na bakin gaɓa suna fafe kifi suna jera shi a kan waya bisa murhun laka, hayaƙi na shiga idanunsu, yara kuma na dawowa daga makarantar allo da kofin koko da ƙosai. Wata tsohuwa, da ta ji daga inda na fito, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, har yanzu ana rini a gida?" Ita kuwa ba ta taɓa taka ƙasar Kano ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan dokar Gana ta korar baƙi ta 1969, wadda ta raba gidaje da yawa, har yau akwai masu kiran waɗannan bayin Allah baƙi, alhali kakanninsu sun fi shekara ɗari kwance a wannan ƙasa, yau kuma kaburburansu na ƙarƙashin wannan ruwa. Saboda haka ina roƙon Hakimin Bebeji da malamanmu da attajiranmu, su tura waɗanda za su zauna da dattawan Kete su rubuta nasabar kowane gida tun masu riƙe da ita suna raye, a kuma ajiye kwafi ɗaya a can, ɗaya a nan Bebeji.