Kaset ɗin farko na MC Solaar: ƙarfinsa, rauninsa, da darasin da ya bar wa yaranmu

Jama'a, a watan Oktoba na 1991, lokacin da hankalinmu duk yana kan babban taron ƙasa a Yamai, wani saurayi mai shekara 22 ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko a Faransa. Sunansa na yanka Claude M'Barali, duniya ta san shi da MC Solaar. A Dakar aka haife shi a 1969, iyayensa ƴan Cadi ne, maƙwabtanmu, kuma tun yana jariri aka tafi da shi Faransa, ya tashi a unguwannin talakawa na kewayen Paris.

Sunan kundin, "Qui sème le vent récolte le tempo", wasa ne da karin maganar Faransawa mai kama da namu na abin da ka shuka shi za ka girba. Ya cire guguwa ya sa kiɗa a madadinta. Daga nan ma an gane irin mutumin.

Ƙarfin kundin a bakin mai shi yake. A wannan shekara ƙungiyoyin NTM da IAM su ma suka fitar da nasu na farko. NTM ta zo da ihu da fushi. Solaar kuwa sai ya zo da murya a kwance, kamar mai ba da labari a fada ana jiran shayi ya nuna. A "Caroline" ya ɗinka labarin soyayya da sunayen karta. A "Victime de la mode" ya zana yarinyar da talla da kwalliya suka sa ta azabtar da jikinta da yunwa. "Armand est mort" labarin mutumin da rayuwa ta kayar har ya mutu ba wanda ya kula. Jimmy Jay, mai haɗa kiɗan, ya ɗebo daga tsoffin faya-fayen jaz da soul, ya shimfiɗa masa tabarma mai laushi. Shi ya sa gidajen rediyon da ke gudun rap suka buɗe masa ƙofa.

To amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa aibu a aikin ɗan Adam. Wannan laushin da ya jawo masa manya shi ne ya sa wasu samarin unguwa suka ce ya yi sanyi, bai faɗi zafin wariya da tsangwamar ƴan sanda yadda suke ji a jikinsu ba. Waƙoƙin ma ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Akwai waɗanda wasa da kalmomi ya fi saƙo yawa. Mu nan kuma, wanda bai yi nisa a lakwal ba, kiɗan kawai yake kwasa, don rabin daɗin yana cikin lungunan Faransanci. Sai a "Prose Combat" na 1994 aikin ya nuna sosai.

Babban raunin kuwa a takarda yake. Rikici ya ɓarke tsakaninsa da kamfanin Polydor a ƙarshen shekarun 1990, aka je kotu, kundayensa na farko suka ɓace daga kasuwa kusan shekara 20. Yara suka tashi suna jin sunansa, ba su da inda za su sayi aikin da ya yi masa suna. Sai a 2021 aka sake fitar da shi.

Yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai yaranmu suna shiga situdiyo suna zuba rap da Hausa da Zabarmanci. Mu ce musu su koyi gyara magana daga wannan ɗan Cadi, su yi ta da harshen da tsohuwa a gida za ta gane. Kafin su sa hannu a kowace kontira kuma, su nemi wanda ya san doka ya karanta musu. Allah ya sa mu dace.