Tambaya mai sharaɗi a cikin anketi na salula

Mai karatu, wataƙila ma'aikatan anketi sun taɓa zuwa garinku da salula a hannu, kuka lura an yi wa maƙwabcinku tambayoyin da ba a yi muku ba. Ba son kai ba ne. Wanda ya tsara tambayoyin a intanet shi ne ya sa musu sharaɗi.

Sharaɗi shi ne a umurci na'ura kada ta fito da wata tambaya sai in an ba da amsa kaza tun farko. Ga misali: "Kuna da bisashe?" Wanda ya ce i, sai a tambaye shi awaki nawa, tumaki nawa, ko an yi musu allura. Wanda ya ce a'a, na'ura ta tsallake waɗannan duka. A zamanin takarda akan rubuta "in a'a ne, a wuce tambaya ta 12", amma mai tambaya, in ya gaji, yakan manta.

In an ba ku aikin tsarawa, ku fara zana tambayoyin bisa takarda, ku ja kibiya daga kowace amsa zuwa inda take kaiwa. Tambayar da ake dogara da ita ta zo da farko, kuma amsarta ta zama ta zaɓi, kamar i ko a'a. A KoboToolbox, tambayar da ake son ɓoyewa ita ake sa wa sharaɗin. A Google Forms kuwa, ana raba tambayoyin kashi-kashi, a nuna wa kowace amsa kashin da za ta kai.

Inda haɗarin yake shi ne na'ura ba ta faɗin an yi kuskure. A ce an tsara tambayar yawan hatsin da ya rage cikin rumbu ta fito ga maza kaɗai, don ana ganin namiji ne maigida. Matar da mijinta ya rasu, ko ya tafi ci-rani, ita ke riƙe da gida, amma ba za a tambaye ta ba. Ranar lissafin mabuƙata, gidanta ba ya ciki, kuma ba wanda ya sani.

Saboda haka, kafin a shiga karkara, ku cika anketin da kanku sau da yawa: sau ɗaya kamar ku magidanci ne, sau ɗaya kamar matar da ke ciyar da ɗiyanta ita kaɗai, sau ɗaya kamar wanda bai da ko akuya. Duk inda tambayar da ta dace ta ƙi fitowa, ku koma ku gyara sharaɗinta.