Asalin Tamis

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani, ya ku 'yan'uwa, tamis da ake saye da asuba a Shumaisi ba abincin Najadu ba ne tun asali. Mutanen Bukhara, garin Imamul Bukhari, su suka zo da shi. A shekarar 1338 ta Hijira, wato 1920, sojan Rasha suka ci birninsu. Jama'a suka yi ƙaura, waɗansu suka zauna Makka da Madina da Ɗa'ifa. Ba gona, ba dangi, sai tanderu irin na gurasar Kano. Suka gasa, aka ci da ful, har ya iso Riyad. Daga baya Afganawa suka karɓi sana'ar. Baƙo mai sana'a ba ya wulaƙanta, ku koya wa 'ya'yanku. Tamat.