Mu da Muka Shiga Sayi da Gafaka

Tun da takardar ritayata ta fito, ƴan'uwa malaman faranko-arab ke ta zuwa yi mini barka, kuma duk wanda ya zauna sai hira ta gangara Sayi. Abin da ke sosa mini rai a bakin matasanmu shi ne yadda suke ba da tarihin Jami'ar Musulunci ta Sayi, sai ka ce ranar da aka buɗe ƙofarta ilimi ya sauka ƙasar nan. Wani daga cikinsu, yaron kirki mai ƙwazo a aji, ya ce mini: "Baba, ai ku ne kuka raba mu da karatun zaure." Na ce masa: "Ɗana, ba mu raba kowa da zaure ba. Da shi muka shiga Sayi, shi ne kuma ya riƙe mu har muka fito."

Duk malamin da ke cikin sana'ar nan ya san taron Lahor na Fabrairun 1974, inda shugabannin ƙasashen Musulmi suka amince a gina jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar ɗaya a Yuganda. Wata biyu bayan taron sojoji suka kifar da Diori Hamani, aka yi ta jira har 1986 kafin ɗaliban farko su zauna a aji, ta Yuganda da ke Mbale kuwa sai 1988. Ya kuma san dalilin zaɓen Sayi: garin Alfa Mahaman Jobbo ne, can ne kuma aka buɗe madarasar gwamnati ta farko a 1957. Duk wannan yana cikin takardu. Abin da ba ya ciki shi ne irin guzurin da ɗaliban shekarun farko suka zo da shi.

Mun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda suka biyo madarasa da kwaleji da lise, sun iya lissafi, suna jin Faransanci, Larabcinsu na makaranta ne mai tsabta. Akwai kuma waɗanda suka fi daɗewa kan buzu, wasu sun yi Sakkwato, wasu Zariya ko Kano, sun sauke Risala da Askari, sun haddace Alfiyya, amma ba su taɓa rubuta jarrabawa da agogo a kansu ba. Ni ina tsakani: da rana madarasa a Ƙonni, da dare da lokacin hutu zauren Malam a ƙauyenmu cikin ƙasar Alela. Bayan sallar isha'i a ɗakunan kwana sai ka ga an yi da'ira-da'ira, ɗan zaure na warware wa ɗan lise baitin nahawu, ɗan lise na nuna masa yadda ake tsara amsar jarrabawa. Da mu da ƴan Mali, da ƴan Senegal, da ƴan Gine, da ƴan Najeriya, kusan kowa da littattafan Malikiyya iri ɗaya ya tashi, shi ya sa ba mu sha wuyar fahimtar juna ba. Malamanmu da suka zo daga ƙasashen Larabawa sun yi aiki tuƙuru, Allah ya saka musu, amma irin da suka shuka a gonar da aka riga aka zuba wa taki ya faɗa.

Abin da nake son in tsaya a kai shi ne bitar damina, don ita ce ta ɓace.

Da an ba da babban hutu sai mu ɗaure takardunmu, mu tsallaka gada zuwa Yamai, mu hau mota ta Doso da Dogon Dutsi har Ƙonni. Kwana ɗaya kake yi a gida, washegari kana gaban Malam. Da safe gona, mu yi noma har rana ta take, bayan azahar a shimfiɗa buzaye. Kowa da littafinsa, kowa da layinsa, babu mai tsallake wani ko da daga jami'a ya zo. Kai kake jan baƙi, Malam na fassarawa gaɓa-gaɓa da Hausa, kana amsawa da na'am, hannunsa babu littafi. In ka yi tuntuɓe a wasali ba ya tsawa, shiru kawai yake yi, sai ka koma baya da kanka ka nemo inda ka karkace. Mu ƴan Sayi kuma sai ya ƙara mana wani aiki. Zai ce: "Kawo abin da aka ba ku bana." In ka karanta masa darasin, tambayarsa guda ce: "A wane littafi malaminka ya ɗauko wannan?" Ba za ka tashi ba sai ka buɗo mas'alar a Risala ko a Muhtasar, ka nuna inda suka dace da inda suka saɓa. In abin sabo ne gare shi, kamar tarihin adabin Andalus ko sharuɗɗan tantance masu ruwayar hadisi yadda aka tsara mana su, sai ya gyara zama ya ce a maimaita masa. Dattijon da ya yi furfura a kan karatu yana cewa yaron da ya koya wa Ahalari: "Ƙara faɗa mini." Ban ga irin wannan tawali'u a wurin wani mai digiri ba har na ajiye alli.

Wata damina aka kawo masa rabon gado. Wani ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza ne ya rasu, ɗan ƙauyenmu, ya bar uwa da mata biyu da ƴaƴa. Malam ya dube ni ya ce: "Ɗauko alƙalaminka na boko." Na tsara a takarda yadda aka koya mana: asalin mas'ala 24, matan su raba sumuni wato kashi 3, uwa ta ɗauki sudusi kashi 4, sauran 17 na ƴaƴa, namiji rabon mata biyu. Shi kuma ya zana nasa a ƙasa da yatsa, lissafi ya zo daidai. Sai ya juya ga wan mamacin ya fara tambaya. Akwai bashi a kansa? Ya gama biyan sadakin amaryar? Yana cikin adashi a wurin aiki? Ya bar wasiyya? Can ya sa aka kira wata tsohuwa daga cikin gida, ya yi mata tambaya a asirce, aka tabbatar amaryar na da ƙaramin ciki. Malam ya share zanensa ya ce babu rabo sai ta sauka, haka mazhabarmu ta tafi a kai. Na gaya masa a Sayi an karantar da mu cewa wasu mazhabobi sun yarda a raba a ajiye wa cikin kaso mafi tsoka. Ya ce ya sani, kuma magana ce mai hujja, amma gidan da za a raba sau biyu rigimarsa biyu ce. Da mutanen suka watse ya riƙe takardata ya daɗe yana dubawa, daga nan ya umarce ni in koya wa manyan almajiransa lissafin kaso irin na makaranta kafin hutu ya ƙare. Ranar nan jami'a ta shiga zaure, zaure kuma ya cike wa jami'a abin da babu shi a manhaja.

Na tsallake wani abu da ya riga Sayi. A 1984, shekarar yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari, Najeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai 1986. Mu da littattafanmu daga kasuwar Sakkwato suke zuwa, ga shi hatsi ma ya gagara balle takarda. Almajirai da yawa suka watse. Malam bai rufe zaure ko yini ɗaya ba. Ya kwance kundayensa ya raba mana ganye-ganye, kowa ya kwafa da tawada da alƙalamin kara, in an gama a haɗa a karanta a gabansa don gyara. Babin gado da na yi aiki da shi a waccan damina, da hannuna na rubuta shi ina jin yunwa. In wani ya yi ƙorafi sai Malam ya nuna gabas ya ce a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kuma malaman da suka karantar da shi ba su da injin buga littafi. Ƙasar da ta fitar da irin wannan ba a Lahor ta fara jin ƙamshin ilimi ba.

Da muka fito da digirinmu kuwa mun ga abin da muka gani. Na shiga wani ofis neman aiki, takardata a hannu, wanda ke zaune ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya tambaye ni ko na yi lakwal. A idonsa wanda bai yi karatu da Faransanci ba jahili ne, ko da ya fi shi shekarun zama a aji. Da yawa cikinmu sun yi shekaru suna yawo kafin a san matakin da za a ɗora su. Wannan ciwon ne ya sa wasunmu suka fara jin kunyar gafaka. Don a yarda da su a matsayin ƴan boko, sai suka riƙa nesanta kansu da buzu, suna kiran malaman da suka raine su ƴan gargajiya. Daga bakinmu yaran yau suka ɗauki wannan magana.

Sauran kuma talauci ne ya ƙarasa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin Misira ko na Berut ya ninka kuɗi, albashi na yin watanni bai zo ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi. Ɗalibi ya daina zuwa gida hutun damina don bita, sai ya tafi neman kuɗin komawa makaranta. Dattawan zaure suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya, Malam na cikinsu, Allah ya jiƙansa. Jami'ar ta ci gaba da girma, aka buɗe sashen mata a Yamai, aka ƙara fannonin zamani a kan Larabci da shari'a, kuma ina alfahari da haka ƙwarai. Amma bitar damina ba ta cikin jadawalin kowa, babu maki a kanta, babu mai tambayar ko ka yi. Abin da aka bar wa son rai kuwa, ranar da ciki ya ɗauri mutum shi yake fara saki.

Ba mu kaɗai muka taɓa tsayawa a wannan mararraba ba. Na karanta tarihin Jami'ar Yeshiva ta Yahudawan birnin New York a Amurka, na ga damuwa irin tamu. Ƴan ci-rani ne matalauta daga gabashin Turai suka buɗe ƴar makarantar addini a 1886, aka ƙara makarantar horar da malamansu a 1897. A 1908 ɗaliban suka ƙaurace wa karatu suna neman a koya musu ilimin zamani, don sun ga ba za su iya rayuwa a Amurka da littattafan addini kaɗai ba. Bernard Revel ya karɓi shugabanci a 1915 ya haɗa makarantun biyu, aka buɗe kwaleji a 1928, ta zama jami'a a 1945, aka buɗe kwalejin mata a 1954, ta likitanci a 1955. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba su jefar da tsohon salon karatunsu ba. Har yau ɗalibin kwalejin maza safiyarsa ta karatun addini ce, da yawansu a babban zaure suke yin ta, biyu-biyu, suna jan baƙin Talmud suna gardama a kai, da rana kuma su shiga ajin kimiyya ko tattalin arziki. Sun ba zaurensu awanni a cikin jadawali, suka ɗauki malamansa aiki. Addininmu daban, tarihinmu daban, amma dabarar a fili take. Azhar ma da dokar 1961 ta shigo mata da likitanci da injiniyanci, masallacinta na nan, ana kuma zama a da'ira gaban shehunnai har gobe.

Sakamakon rashin wannan a wurinmu na gan shi a aji shekara da shekaru. Matashi zai zo da digiri mai kyau, ya iya jero ra'ayoyin mazhabobi huɗu, amma ka miƙa masa shafin Muhtasar marar wasali ka ce ya fassara wa manomi da Hausa, sai gumi ya karyo masa. In aka yi rasuwa a unguwa, mutane su wuce gidansa su tafi wurin tsohon da ke ƙarƙashin bedi. Ba laifin yaron ba ne, ba a taɓa zaunar da shi ya sauke littafi guda daga bango zuwa bango a gaban wanda ya karɓe shi daga wani ba. Wayar da ke aljihunsa na ɗauke da littattafan da Malam bai taɓa gani ba, sai dai waya ba ta yin shiru in ka karkace a wasali.

Har yanzu lokaci bai ƙure ba. A Ƙonni da Tsarnawa da Dogarawa da Ilela da Badagishiri akwai sauran dattawan da suka sauke littattafan nan a gaban malamansu, suna kuma karantarwa ba tare da albashi ba. Tawa ta samu jami'arta tun 2010, Sayi na nan da ɗalibanta, makarantun faranko-arab sun cika jiharmu. Roƙona ga masu tsara horon malamai shi ne kada a ba kowa ajin Larabci ko na fiƙihu sai ya kawo shaidar ya sauke aƙalla Risala da Ajuruma a gaban malamin zaure sananne, a lissafa masa wannan cikin makinsa, a kuma biya malamin haƙƙinsa kamar kowane mai koyarwa. Su kuma dattawan a tura musu ɗaliban da za su koya wa almajiransu lissafi da rubutun boko, yadda Malam ya nema da bakinsa. Mu da muka ga amfanin abin muna raye, mun san ƙofar kowane zaure a ƙasar nan, kuma a shirye muke mu raka duk wanda aka turo.