Darasin Tsaro a Makarantun Nijeriya: Tsakanin Manhaja da Atisaye

Tsakure

Wannan maƙala ta auna darasin tsaro da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare da abin da ya faru a makarantun da aka kai wa hari a Arewa daga 2014 zuwa 2024. An bi hanyar nazarin manhaja da bayanan da aka wallafa. An gano cewa darasin ya fi karkata ga hadda, alhali ɗalibi ya fi buƙatar atisaye.

Gabatarwa

Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shigar da ilimin tsaro cikin manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fara aiki da ita a 2014. Ba a ba shi cin gashin kansa ba. An cusa shi ne a rukuni ɗaya da darussan addini da na zamantakewa da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa. A wannan shekarar aka kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, sannan aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Daga baya Dapchi ta biyo a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe a 2021, sai Kuriga a 2024.

Abin da Hare-haren Suka Nuna

A daren 14 ga Afrilu 2014, maharan Chibok sun zo ne da kayan soja, suka ce wa 'yan matan su fito su taru, wai sun zo ceton su. Yaran suka bi umarni, domin haka aka tarbiyyantar da su: babba ya yi magana, yaro ya bi. Sai da aka cinna wa gine-gine wuta aka ɗura su a manyan motoci suka gane cewa kura ce da fatar akuya. Su 57 da suka kuɓuta, da yawansu dirowa suka yi daga mota, suka nausa daji. A Ƙanƙara ma, waɗanda suka tsira katanga suka haura da jin ƙarar bindiga.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da aka koya a aji. Abin da manhajar ta fi ba ƙarfi shi ne ma'anar laifi, ire-irensa, dalilansa da hukumomin da ke yaƙi da shi. Yaro zai iya lissafo su duka ya ci jarrabawa, amma bai san ƙofar da zai bi ba idan aka tare babbar ƙofa, bai kuma san lambar gaggawa ta 112 ba. Ga kuma matsalar harshe: ana koyarwa da Turanci, shi kuwa firgici da harshen uwa yake zuwa.

Wani Hanzari

Akwai masu ganin a horar da ɗalibai su riƙa kai rahoton baƙin fuska. Wannan na buƙatar taka-tsantsan. A ƙauyen da 'yan bindiga ke da masu kai musu tsegumi, yaron da aka san ya yi magana ya jefa gidansu cikin haɗari. Rahoton ya tsaya a kunnen malami guda amintacce, shi ya san inda zai kai.

Shawarwari

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, ta kuma fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu a 2021. Takardu dai sun wadata. Ana ba ma'aikatun ilimi na jihohi shawarar su wajabta atisayen ficewa sau ɗaya a kowane zango, har da na dare a makarantun kwana, da harshen da yaran ke ji, tare da masu gadi da masu unguwanni. Kwalejojin ilimi kuma su fara horar da malaman da za su jagoranci atisayen.